Yaƙin Iskandariyya a Jakar Ja'afar

Wasan taubasai ne ya jefa Ja'afar a hannun hukuma, kuma daga bakin Munkaila wasan ya fito. Da Larabci ya yi shi, a gaban mutanen da ba su san mene ne taubashi ba, cikin watan Agusta na 2013, lokacin da kowa a Alƙahira yake neman wanda zai nuna da yatsa.

Munkaila tela ne a Hayyin Ashir, wata unguwa a Alƙahira. Shekararsa goma sha tara a Masar. Ya baro Ƙaura Namoda da niyyar tsallakawa Saudiyya, hanya ta ƙi, ya nemi keken ɗinki ya zauna. Ya auri Mahasin, Bahausar Sudan, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Makaranta aji uku ya yi ya gudu, kuma bai taɓa cewa da na sani ba. Larabcin titi kuwa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibi. Abu guda ne ba shi da shi, iƙama, wato takardar izinin zama. Tasa ta mutu shekara bakwai da suka wuce. Tun daga nan yake kewaye duk wani ofishi yadda akuya take kewaye layin mahauta.

Ja'afar ɗan kawunsa ne. Uwar Munkaila, Inna Sabuwa, ita ce yayar uban Ja'afar, ita ce ma ta goya uban. Ɗan mace da ɗan namiji ke nan, taubasai, kuma kowa ya san dokarsu tun daga gida. Taubashi ya zage ka, ka yi dariya ka rama. Ba fushi, ba kai ƙara. Ja'afar yana kiran Munkaila bawan gidanmu, Munkaila yana kiransa Janar.

Sunan Janar yana da dalili. Ja'afar ya zo karatu shekara tara da suka wuce, ya yi biyun farko yana kwana a falon Munkaila yana cin tuwon Mahasin. Kowa ya ɗauka fiƙihu zai yi ko hadisi, ya koma gida a riƙa ce masa Shehi. Sai ya shiga sashen tarihi. Da ya kai digiri na biyu kuma, duk tarihin duniyar nan bai ga abin rubutawa ba sai shekara guda tak, ta arba'in da takwas kafin haihuwar Annabi Isa. Yaƙe-yaƙen shekarar, da makircin sarakunanta, da jiragen ruwanta, su ne cinsa su ne shansa.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Gidaɗo, shugaban ɗaliban Nijeriya na unguwar, ya tara mutane cin tuwo. An sa wa Ja'afar ranar munaƙasha, ranar da zai zauna gaban malamai uku ya kare littafin da ya rubuta a ba shi digiri. Saura kwana goma sha uku. Wani ya yi kuskure ya tambaye shi me ke cikin littafin.

"Shekara guda ce," in ji Ja'afar, ya ajiye lomarsa, "amma duniya ta kife a cikinta. Manyan Rum biyu, Ƙaisar da Bombi, suka gwabza a ƙasar Girka. Bombi ya fi yawan dakaru, amma shi aka kora. Ya gudo Masar neman mafaka, aka kashe shi a bakin ruwa. Ƙaisar ya biyo sawu ya shigo Iskandariyya da mutum dubu huɗu. Ya tarar sarki da yayarsa suna faɗan gadon sarauta, ya tsoma baki. Mutum dubu ashirin suka yi masa ƙawanya a unguwar fada. Da ya ga za a datse masa teku, sai ya cinna wa jiragen da ke tashar wuta."

"To Janar," Munkaila ya ce, "a cikinsu wa ya yi salla?"

Aka yi dariya.

"Wa kuma ya bar maka gado? Shekara tara kana tonon kaburburan arna. Da goro ka kasa a tashar Ƙaura, da yanzu ka yi bene."

Ja'afar ya goge hannu, ya zaro shafin farko na littafin daga jaka, ya miƙa masa. "Bawan gidanmu, karanta wa jama'a sunan littafin, ka ci tuwon nan da hujja."

Munkaila ya karɓa ya duba. Lambobin awo ya sani, baƙaƙe kuwa sai dai ya gan su kamar tururuwa. Ya ce bai zo da tabarau ba.

"Ga nawa," in ji Ja'afar, ya cire ya miƙa.

Ɗakin ya kaure da dariya. Har mata a ɗaya ɗakin sai da suka tambaya me aka yi. Munkaila ma ya yi dariya, don doka ce. Amma yaran da suka fi ƙyaƙyatawa duk shi yake ɗinka musu kayan salla, wasu ma sa'o'in 'yarsa ne. Ya janye hannunsa daga kwanon tuwon.

Washegari da hantsi suka haɗu a tashar mikrobas, ƙananan motocin haya na garin. Ja'afar zai kai littafinsa unguwar Darrasa a ɗaure masa shi da bango, Munkaila zai sayo zare da maɓallai a can kusa. Suka zauna kujera ɗaya, kowa yana kallon gefensa.

Garin a kwanakin nan ba lafiya. Tun da aka tashi masu zaman dirshan na goyon bayan shugaban ƙasar da sojoji suka hamɓarar, aka tashe su da harsashi, mutanen wasu unguwanni suka fito suka gitta durom da katako a hanya, suna tare motoci da sanduna a hannu. Masu gemu suke nema. Ja'afar yana da gemu, wandonsa kuma bai kai idon sawu ba.

Kafin Darrasa aka tare su, aka ce kowa ya sauko. Shugaban masu shingen wani ƙato ne da rigar mahauta a jikinsa. Munkaila ya gaishe shi da irin gaisuwarsu, ya tambaye shi ko naman yau na raƙumi ne ko na jakin maƙwabci. Ƙaton ya tuntsure da dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Wannan namu ne. Yalla, wuce." Ko takarda ba a tambaye shi ba.

Da aka zo kan Ja'afar sai ya yi sallama da Larabcin littafi, irin na huɗuba, ya fara bayanin shi ɗalibi ne. Masu sanduna suka fara kwaikwayon muryarsa. Munkaila ya waiwayo ya gan shi tsaye, jaka a ƙirji, gumi yana bin gemunsa, digirinsa bai tsinana masa komai ba. Daɗi ya kama shi. Ya ga ranar ramuwa ta zo har gida.

"Ni dai tela ne," ya ce da ƙarfi da Larabci, yana murmushi. "Wannan ku bincika da kyau. Janar ne. Yaƙi yake ɗauke da shi a jakar nan. Jiragen Iskandariyya zai ƙone."

Ya tsaya yana jiran dariya. A Ƙaura da an yi ta, Ja'afar ya rama, a wuce. Nan ba wanda ya ko motsa leɓe. Ƙaton ya fizge jakar ya zazzage ta a kan durom.

Taswirori ne suka fara faɗowa, waɗanda Ja'afar ya zana da hannunsa. Ga tashar jiragen ruwan Iskandariyya, ga tsibiri, ga mashigi. Ga jajayen kibiyoyi suna shiga gari ta gabas. An rubuta dubu huɗu a nan, dubu ashirin a can. A kan jiragen kuma ya zana harsunan wuta, don malamai su gane da sauƙi. Sai wani littafin rubutu cike da ajami. Ƙaton ya ga baƙaƙen Larabci, ya karanta, bai fahimci kalma ko ɗaya ba, ya ɗaga shi sama yana nuna wa jama'a.

"Shekara dubu biyu da suka wuce ne!" Ja'afar yana ta faɗi. "Ku duba sunan littafin! Ku karanta shafin farko!"

Wani ya kwaɗa masa sanda a gadon baya.

Munkaila ya kutsa. "Wasa nake yi, ya basha, ranka ya daɗe. Wallahi wasa ne. Ɗan kawuna ne."

"Ɗan kawunka?" ƙaton ya ce. "Ashe ka san shi ciki da bai. Kun ji ko? Ɗan'uwansa na jini ne ya tona shi." Ya juya ya ce a kira hukuma.

Munkaila ya nemi kalmar taubashi a Larabcinsa na shekara goma sha tara, ya rasa. Kafin ya gama laluben, motar 'yan sanda ta ɓullo. Ya ji ana cewa ina shaidan, a kawo shi da takardunsa. Ja'afar yana durƙushe, an riƙe masa hannuwa ta baya, ya ɗago ya dube shi. Munkaila bai yi gudu ba, don mai gudu ake bi. Ya ja da baya cikin 'yan kallo, ya shiga lungu, ya fita ta wani. Har zaren sai da ya saya, baƙi da ruwan toka, don kada ya koma hannu rabbana a tambaye shi dalili.

Da ya koma Ashir ya hau gidan Ja'afar ya gaya wa matarsa Mardiya cewa an kama mijinta a shinge saboda gemu. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ranar Talata Gidaɗo ya shigo shago, bai yi sallama ba, ya ja labule.

"Malam Munkaila, mun je da lauya mun ga takardar. An rubuta cewa wani ɗan'uwansa, tela, ya shaida a gaban mutane zai ƙone jirage. Tela nawa ne 'yan'uwan Ja'afar a Masar?"

Munkaila bai ɗaga kai daga keke ba. "Wasa ne. Kai ma ka san tsakaninmu."

"Ni na sani. Takarda ba ta sani ba. Malaminsa ya rubuto wasiƙa layi biyu, cewa ɗalibinsa ne, ya kashe wayarsa. Jami'in da ke riƙe da maganar ya ce abu guda ne zai rufe ta. Shaidan ya zo da kansa, da fasfonsa, ya sa hannu ya janye. In ya zo, a sake shi ya yi munaƙasharsa. In bai zo ba, a kore shi daga ƙasar."

"Da fasfonsa," in ji Munkaila.

"Da fasfonsa."

"Ka san abin da ke cikin fasfona?"

"Na san abin da babu a ciki."

"To ka je ka gaya musu tela ya mutu. Wa ya aike shi ya zana wuta a kan jirage? Mutum da gemu kamar tsintsiya, gari yana ci da wuta, shi yana yawo da taswirar yaƙi. Duk karatun nan bai koya masa wannan ba?"

"Kai ka buɗe jakar da bakinka."

"Shi ya fara. Kana wurin. Kai ka fi kowa buɗe haƙora."

Gidaɗo ya ɗage labule ya fita. Kafin la'asar ba Bahaushen da bai ji ba, daga Ashir har Arba wa Nus.

Mahasin ba ta yi kwana-kwana ba, kai tsaye ta faɗa masa. "Abu Zainaba," ta kira shi da sunan babbar 'yarsu, "in ka taka ofishin nan ba za ka dawo ba. Ni ba ni da kowa a Nijeriya, yaran nan ko Hausar kirki ba su iya ba. Ya ci tuwona shekara biyu, ya yi maka dariya a gaban yara. Khalas, shi ke nan. Kowa ya ɗauki kayansa."

Maganar ta yi masa daɗi, ya kuma ji haushin daɗin da ta yi masa.

Ranar Laraba Mardiya ta zo shago. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, ta fito da wasu tsofaffin takardun mijinta, bayanin da ya rubuta da Hausa don kansa. Ta fara karantawa da ƙarfi kamar mai biya allo.

"Bombi ya zaɓi Masar ne don ya taɓa yi wa uban sarkinta rana. Ya tsaya da jirginsa nesa da gaɓa, ya aika yana neman a karɓe shi. Fadawa suka yi shawara. Suka ce in mun karɓe shi Ƙaisar zai ci mu, in mun kore shi zai dawo wata rana ya rama. Suka aika masa ɗan ƙaramin kwalekwale."

"Mardiya, nan shago ne."

"Na sani, Yaya Munkaila. A cikin kwalekwalen akwai wani Barume da ya taɓa yin soja a ƙarƙashinsa. Bombi ya dube shi ya ce, kamar na san ka, ba tare muka yi yaƙi ba? Mutumin ya gyaɗa kai kawai. Da suka kai gaɓa, Bombi ya miƙe zai sauka, shi ne ya fara soka masa takobi ta baya. Matarsa tana kan jirgi tana kallo."

Akwai mutum uku a shagon, kowa ya sunkuyar da kai.

"Ni kike wa habaici?" Munkaila ya taka birki. "In rana ce, ni na yi masa. Wa ya tarbo shi a filin jirgi? Wa ya koya masa hawan mota a garin nan? Da ya yi zazzaɓin taifot wa ya ɗauke shi a baya hawa biyar? Ki duba takardun, ya rubuta wannan?"

"Bai rubuta ba. Shekara guda kawai ya rubuta. Saura kwana takwas, Yaya."

Washegari ta dawo, ta karanta yadda aka kai wa Ƙaisar kan Bombi ya kawar da fuska. Rana ta uku ta karanta yadda aka tsare Ƙaisar a unguwar fada wata da watanni. Kullum in ta gama sai ta faɗi kwanakin da suka rage, ta naɗe takardu ta tafi. Munkaila ya ƙara ƙarar rediyo, ta ɗaga murya. Ya kulle shago da rana tsaka, ta zauna a dakalin waje ta ci gaba, masu wucewa suna tsayawa. Mutumin da ya rantse ba ruwansa da matattun arna, sai ga shi ya san sunan kowane kwamanda da adadin jiragensa, ba don yana so ba.

Ɗalibai suka zo ɗaya bayan ɗaya suka karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. A masallaci sahu yakan bar masa fili dama da hagu. Ya ce oho. Sudanawa da Habashawa ma suna sa tufafi. Ya ci gaba da ɗinki, yana dai yawan karya allura.

Ran Talata da rana, saura kwana biyu, waya ta shigo daga Ƙaura. Inna Sabuwa ce. Ta haura tamanin, ba ta gani sosai, amma muryarta ba ta tsufa ba.

"Munkaila."

"Na'am Inna. Ina wuni? Ya jiki?"

"Bar jikina. An ce ka sayar da ɗan ƙanena."

"Inna, wasa ne irin namu. Su ne ba su gane ba."

"Wasa a gida ake yinsa, a gaban waɗanda za su raba. Kai ka kai shi kasuwar wasu. Ubansa na goya a bayan nan kafin in goya ka. Yana kwance a ƙasa, ba shi da bakin magana, ni ce bakinsa."

"In na je kama ni za su yi. Shagona, matata, jikokinki..."

"Ban tambaye ka lissafi ba. Ka je ka fito da shi. In rana ta faɗi gobe yaron nan yana ɗaure, nonon da ka sha ban yafe ba."

Ta kashe. Munkaila ya zauna da waya a hannu. Mutum ne da ba ya tsoron ɗalibi, ba ya tsoron liman, ba ya jin kunyar Mardiya. Amma wannan kalma ba a kwana da ita. Ya zagi Ja'afar, ya zagi Ƙaisar da Bombi da uwar da ta haife su, ya zagi wanda ya ba tsohuwa lambar waya. Sannan ya buɗe akwati ya ciro fasfo daga ƙarƙashin tsummokara.

Mahasin ta tsaya a bakin ƙofa da safe. "In ka fita, ka zaɓi uwarka da ɗan kawunka. Kada ka ce ban faɗa ba."

"Matsa," ya ce.

Ba tausayi ne ya kai shi ba, kuma bai yi kamar tausayi ne ba. Ya shiga ofishin da fushi, Gidaɗo da lauya suna biye. Aka bar su a benci har azahar. Daga nan aka kira Munkaila shi kaɗai.

Jami'in mutum ne siriri mai furfura a gefen kai, idanunsa ja don rashin barci, kofin shayi uku a gabansa duk sun huce. Ya ce, "Kai ne telan?"

"Ni ne, ya basha. Na zo in janye. Ƙarya na yi. Wasa ne."

"Wasa."

"A ƙasarmu ɗan mace da ɗan namiji suna da wasa. Uwata yayar ubansa ce. Duk abin da na ga dama zan faɗa masa, shi ma haka. Zan ce masa ɓarawo, ya ce mini bawa. Ba a fushi. Al'ada ce tun kakanni."

"Wato a ƙasarku mutum yakan tsaya a gaban masu sanduna ya ce ɗan'uwansa zai ƙone jirage, don a yi dariya."

"Haka ne."

"An yi dariyar?"

Munkaila ya zaro fasfonsa ya ajiye a kan tebur.

Jami'in ya jawo wani fayil ya buɗe. Taswirar tana sama, da jajayen kibiyoyinta. "Ni ma na yi makaranta. Tun rana ta biyu na san wannan yaƙin Ƙaisar ne. Ɗan'uwanka ya tsaya nan ya yi mini darasi awa guda, har ya gyara mini kuskure. Amma mutum goma sha ɗaya sun sa hannu sun ji shaida, shaidan kuma ya ɓace. Ni ba zan sa sunana in saki mai gemu da taswirar tashar jirage a wannan watan ba, sai da sa hannunka a gaban nawa. Na aika maka tun ranar Talatar farko. Na jira mako guda. Ina kake?"

"Ina shago."

"Kana shago." Ya rufe fayil. "Na sama ba su jira ba. Ba a kai shi kotu ba, wannan ne iyakar alherin da na iya. An soke iƙamarsa. Jiya da la'asar aka sa shi a jirgin Kano, kuma ba zai sake shigowa ƙasar nan ba."

Jiya da la'asar. Lokacin Munkaila yana zaune da waya a hannu yana zagin Bombi.

"Munaƙasharsa gobe ne," ya ce.

"Ma'alish. Sai haƙuri."

"To littafin? A ba ni in kai wa matarsa."

"Kayan shaida ne. Ba ya fita."

Munkaila ya miƙe. Tunda ba abin janyewa, ai sai tafiya. Ya kai hannu zai ɗauki fasfonsa daga kan tebur, jami'in ya riga shi dafawa. Ya buɗe, ya bi shafi-shafi ba gaggawa, ya kai ƙarshe, ya dawo baya, ya tsaya a kan hatimin ƙarshe. Ya ƙirga da yatsu.

"Shekara bakwai," ya ce. "Wannan ma wasa ne?"

"Na zo da ƙafata, ya basha. Ba wanda ya kamo ni."

"Na gani. Zan rubuta haka. Zauna."

Gidaɗo ya ga an fito da shi ta ƙofar baya, an cire masa igiyar takalmi. Munkaila ya ɗaga murya ya ce masa ya gaya wa Mahasin akwai rigar wani Bahabashe a kan keke, saura hannu ɗaya, kada ta bari ya tafi da ita haka. Gidaɗo ya ce to. Bai ce masa sannu ba.

Ranar Alhamis malamai uku suka zauna, suka jira rabin awa, suka rubuta ɗalibi bai halarta ba. Mardiya ta tattara kayanta ta bi mijinta bayan wata guda. Ja'afar yanzu yana koyar da Larabci a wata Islamiyya a Ƙaura da shaidar digirinsa na farko, kuma ba ya yarda a yi masa zancen tarihi.

Munkaila ya yi kwana ashirin da uku a tsare, sannan aka sa shi a jirgi da rigar da ke jikinsa. Inna Sabuwa ta ce ta yafe, tunda ya je. Ja'afar bai ce komai ba, kuma har yau bai ce ba, ga shi masallaci ɗaya suke salla. Mahasin ta sayar da keken ɗinki, ta koma wurin yayanta a Arba wa Nus, ta aiko a karɓo mata takardar saki. Ja'afar ya yi asarar digirin da ya ɓata ƙuruciyarsa a kai. Munkaila ya yi asarar shekara goma sha tara, da shago, da mata, da 'ya'ya biyu waɗanda yanzu sai a waya yake jin muryarsu, in uwarsu ta ga dama ta ɗauka.